Wai motar lantarki ba ta da ƙarfi?

A tashar Kwangila da ke Zariya na ji wani direba yana cewa motar lantarki abin wasan yara ce, in ka loda mata buhunan masara goma sai ta tsaya. Wannan zancen ya daɗe yana yawo, kuma ba haka yake ba.

Injin fetur sai ya juya da sauri kafin ƙarfinsa ya fito, shi ya sa direba ke farawa da giya ta ɗaya, yana ba da wuta. Injin lantarki kuwa da ka taka totur ƙarfinsa ke zuwa gaba ɗaya, tun daga tsaye. Ku dubi kan jirgin ƙasa a tashar Sabon Gari: man gas, wato dizal, yana kunna janareta ne kawai, injinan lantarki ne ke juya ƙafafun da ke jan taragai. Ko motar da ta fara wuce kilomita 100 a awa, a Faransa a 1899, ta lantarki ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne batir. Yana da nauyi da tsada, caji na cin lokaci, wutarmu kuma kun san halinta. Tirelar da za ta tashi daga Zariya zuwa Legas, wurin caji za ta rasa a hanya.