Waiwaye: Yadda kachala ta mamaye dausayin Haɗejiya da Nguru

Kafin a datse kogunan Kano, ruwan dausayin Haɗejiya da Nguru yana da lokacin zuwa, yana da lokacin tafiya. Cikin Agusta da Satumba kogin Haɗejiya da na Jama'are sukan cika su batse, su malale fadamun Guri da Kirikasamma har ƙasar Bade, kafin ragowar ta bi Komadugu Yobe ta Gashuwa da Gaidam zuwa Tafkin Chadi. Kaka na yi, sai ruwa ya fara janyewa. Mai shinkafa ya girbe tasa, wani ya bi danshin da aka bari ya shuka wake, makiyayi ya shigo da shanunsa cin rani, masunci kuwa kifin da ya hayayyafa cikin ambaliya ya ishe shi. Da hunturu tsuntsayen ruwa kan taso tun daga Turai su sauka a Dagona.

Farin da aka sha a farkon shekarun 1970 ya ƙara wa hukumomi ƙaimin tare ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, wanda ke malalowa cikin kogin Haɗejiya, aka kammala ta a 1974, sannan ta Challawa ta biyo baya a 1992. Ba za a ƙi gaskiya ba, sun yi rana. Duk wanda ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure da rani ya ga shinkafa da alkama da tumatir, ya san albarkar Tiga ce, kuma birnin Kano ma daga waɗannan koguna yake sha. Sai dai lissafin da aka yi bai kai ga mutanen gangare ba, kuma wannan ne yake ci mini rai.

Ambaliyar damina ta ragu, wannan kowa ya gani. Abin da ba a yi zato ba shi ne ɓarnar ruwan da ake saki da rani. A da, kogin Haɗejiya yakan ƙafe watanni, rana ta ƙone duk ciyawar da ta tsiro a cikinsa, sannan ruwan damina ya zo da ƙarfinsa ya share yashi da laka. Yanzu ruwa na tafe duk shekara, a hankali, ba zurfi, laka tana kwanciya. Irin wurin da kachala ke so ke nan. Ciyawa ce da ke fin mutum tsayi, tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, iska kuma tana kwasar irinta. In an yanke ta a sama, kwana kaɗan ta sake tohowa.

Da ta toshe tsohon kogin Haɗejiya da reshensa na Burum Gana, sai yawancin ruwan ya karkata ta mashigin Marma zuwa tafkin Nguru. Gonakin wannan ɓangare suka nutse, na wancan suka bushe. Kwale-kwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga, kuma cikinta jan-baki ke sheƙa, ya fito dubbai ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa. Makiyaya ta matse, burtali ya shige ruwa, manomi da makiyayi suka koma ƙyashin ɗan abin da ya rage.

An yi yunƙuri. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da Marma cikin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohin da ke shan waɗannan koguna suka haɗu a Damaturu suka amince da asusun kula da su. Ƙauyuka na fita aikin gayya da lauje da adda, gwamnatin Jigawa ta kawo injinan yashe kogi. Amma muddin ba a daidaita yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa ba, yadda kogi zai samu ambaliyarsa da damina ya kuma sha iska da rani, kachalar da aka yanke bana za ta dawo baɗi.

Kogin Jama'are ne har yau ba a yi masa babbar madatsa ba, kuma shi ke kai yawancin ruwan da ke isa Gashuwa. Shekaru da dama ke nan ana ta da maganar madatsar Kafin Zaki a jihar Bauci, mutanen Yobe da Borno suna nuna fargabarsu, don sun riga sun ga abin da ya biyo bayan Tiga.