Masu amya, ku bar ƙudan zuma su yi saƙarsu

Duk ƙauyen da na shiga a ƙasar Daura, daga Baure har Mai'aduwa, tambayar masu kiwon zuma ɗaya ce: "Malam, wane akwati ya fi kawo zuma?" Ba na ɓoye musu. Akwatin Langstroth ne, wanda wani Ba'amurke ya yi wa rajista a 1852. A cikinsa ana sa wa ƙudan shimfiɗar kaki a firam, wato katako mai kusurwa huɗu da ke riƙe saƙa, in zuma ta nuna a juya firam ɗin a inji, zumar ta fita, saƙar ta koma akwati lafiya lau. Ƙudan sun huta da sabon gini, kuma ginin nan da tsada: sai sun sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin su fitar da kilo 1 na kaki.

To, amma ina injin? Ina mai sayar da shimfiɗar? Ga shi tazarar da ake bari tsakanin firam da bango milimita 6 zuwa 9 ce kawai. Kafinta ya kuskure ta, ƙudan su liƙe komai, akwatin tsada ya koma amyar gargajiya. Ƙudan zumarmu kuma ba su da haƙuri, ka cika buɗe su ka wayi gari sun yi ƙaura.

Shi ya sa nake ba ƙaramin manomi shawarar akwatin Kenya, mai sanduna a jere a sama. Kowace sanda faɗinta ya zama milimita 32, ka shafa ɗan kaki a tsakiyarta, su da kansu za su rataya saƙa ɗaya a jiki. Zumar ba za ta kai ta wancan ba, gaskiya ne. Sai dai kowane ɗiba kana samun kaki, wanda yawancinmu ke matsewa mu watsar a bola, alhali masu man shafawa da masu kyandir kuɗi suke sa wa su saya. Tsohuwar saƙa da ta yi baƙi kuma ba ta daɗewa a ciki.

Inda muka fi yin ɓarna shi ne ranar ɗiba. A hau bishiya da dare da wutar kara, a babbake ƙudan, a kwashe duk abin da ke amya, har ƙwai da 'ya'ya, a cusa a bokiti ɗaya. Zumar ta yi warin hayaƙi, ta yi ruwa, bayan 'yan makonni ta fara kumfa a jarka. Amyar kuwa ta mutu, baɗi sai jiran sabon taro. Hayaƙi mai sanyi ya wadatar, busasshen kashin shanu ma ya yi. Ɗaga sanda ka duba: saƙar da aka rufe bakinta da farin kaki, ita ce ta nuna, yanke ta ka bar kamar faɗin yatsa a jikin sandar don su ɗora gini a kai. Wadda ka ga tsutsotsi farare a ciki, ko murfi mai ruwan ƙasa, ɗakin renonsu ne, mayar da ita inda ka ɗauko ta.

Kada kuma ka share su tas. Bayan furen gawo da mangwaro da darbejiya sun wuce akwai kwanakin yunwa, ka bar musu saƙa biyu ko uku cike. Da bazara ka ajiye kasko da ruwa a inuwa kusa da akwatin, ka jefa 'yan tsakuwa ko karare a ciki don su sami wurin sauka.