Tsakanin h da hrs, s da sec: yadda ake taƙaita lokaci a rubutun Turanci

Leƙa mitar wutar gidanku, za ka ga an rubuta kWh. Wannan ƙaramar h ta ƙarshe awa take nufi. Amma da ka fita titi sai ka ga allon wani kantin magani yana cewa 24hrs. To, wanne ne daidai?

Kowanne da muhallinsa. Abin da ke rikita mutane shi ne, a Turanci akwai gajarta kalma, akwai kuma alamar awo, kuma dokarsu ba ɗaya ba ce.

Gajartawa ita ce irin hr, min da sec, wato hour (awa), minute (minti) da second (sakan). Kalmar aka rage wa haruffa don sauri. A wasiƙa, saƙon waya ko littafin girki babu mai tuhumarka, ko ka ƙara s ka ce hrs, ko ka sa ɗigo a ƙarshe. Gidajen jarida ma kowanne da tsarin da ya zaɓa.

Alama kuwa ba a yi mata haka. Tsarin awo na duniya da ake kira SI, wanda aka amince da shi a 1960, ya tsayar da s a matsayin sakan. Minti, awa da kwana ba 'yan asalin tsarin ba ne, an dai yarda a yi aiki da su tare, da alamun min, h da d (ita min gajartawa ce, kuma alama ce). Ba a sa musu ɗigo, ba a yi musu jam'i, kuma ana barin fili tsakaninsu da lamba. Awa ɗaya 1 h, awa goma 10 h. Gudun mita 100 da Usain Bolt ya yi a Berlin a 2009, 9.58 s ake rubuta shi. Ɗalibin da ya rubuta 30 secs a lissafin fiziks, ko amsarsa ta fita, bai rubuta alamar daidai ba.

Inda aka fi zamewa shi ne minti. Hannu yakan so ya rubuta m kawai, alhali m mita ce. Wanda ya rubuta 5 m tsawo ya faɗa, bai ce komai game da lokaci ba. Girman harafi ma magana ce. Babbar S da babbar H ma'aunai ne a fannin lantarki. Haka ms kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, amma Ms sakan miliyan ɗaya ne, wato kwana 11 da 'yan kai.

Mu ma da namu ruɗanin. Daƙiƙa a Larabci minti ce, mu kuwa sau da yawa sakan muke nufi da ita, shi ya sa ni dai na fi son in ce sakan kowa ya huta.

Sai a.m. da p.m., waɗanda ba ma'auni ba ne, bayanin agogo ne daga Latin: ante meridiem, kafin tsakar rana, da post meridiem, bayanta. Ƙarfe 12 daidai ba ta gaba ba ta baya, don haka mai rubuta katin ɗaurin aure gara ya sa 12 noon in rana yake nufi, 12 midnight in tsakar dare ce, kada wani ya tsaya yana wasi-wasi.