Kyautata wa Baƙo a Zariya

Kyautata wa baƙo ɗabi'a ce ta yi wa wanda ba a sani ba ƙaramin alheri ba tare da jiran sakayya ba: a ba shi ruwa, a nuna masa hanya, a yi masa bisimilla a kan abinci, a cika masa kuɗin mota, ko a ba shi wurin kwana idan dare ya yi masa. A Zariya, hedikwatar masarautar Zazzau da ke jihar Kaduna, wannan ɗabi'a ba ta dogara ga halin kirkin mutum ɗaya ba. An gina ta cikin tsarin gida, an raba wa mutane aikinta, har ta samu wuraren da aka san ana yin ta da lokutan da aka saba. Mafi yawan masu ɗauke da nauyinta ba attajirai ba ne, kuma da yawansu mata ne da baƙon ba ya taɓa ganin fuskarsu.

Garin da baƙi suka raya

Zariya tana kan mahaɗar hanyoyi, kimanin kilomita 80 arewa da Kaduna, inda hanyar Kano da ta Funtuwa zuwa Sakkwato da ta Jos suke haɗuwa. Tun kafin zuwan Turawa fatake suke yada zango a nan, ɗalibai kuma suke shigowa ta ƙofofin ganuwa irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona don neman ilimi. Hatta gidajen sarautar da suka mulki Zazzau bayan jihadi, uku daga cikin huɗu suna ɗauke da sunan inda kakanninsu suka fito: Mallawa, Barebari da Katsinawa, sai na huɗun Sulluɓawa. Ba a ce kowane baƙo ya ga alheri a wancan zamani ba, domin Zazzau ƙasa ce da aka yi cinikin bayi da rinjoji, wato ƙauyukan bayi, a cikinta, kuma wanda aka kawo a ɗaure ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Karramawar ta fi samun bafatake da ɗalibi da matafiyi.

Layin dogo da ya taso daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Turawan mulki suka ware wa waɗannan Sabon Gari, suka zaunar da 'yan arewa waɗanda ba 'yan birni ba a Tudun Wada. Mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya kafa cikin birni a 1905 ya koma Wusasa a wajajen 1929 da makarantarsa da asibitinsa. Kwalejin Barewa ta ƙaura daga Kaduna zuwa Zariya a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta biyo baya a 1964. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta zama ƙofar da sababbin fuskoki ke shigowa duk shekara, ta yadda da wuya Bazazzage ya wuni bai haɗu da wanda ke tambayar hanya ba.

Zaure da randa

Ginin gidan gargajiya shi ne ya fara tanadar wa baƙo wuri. Zaure ɗaki ne na gida, amma ƙofarsa tana kallon titi, kuma a da ba a cika kulle shi da rana ba. Matafiyin da magariba ta riske shi yakan yi sallama a masallacin unguwa, bayan sallar isha'i liman ko wani dattijo ya tambaye shi, "Bawan Allah, daga ina? Kana da masauki?" Idan babu, a kai shi zauren mai unguwa ko na wani malami, a ba shi tabarma da buta, a aika cikin gida a ce an yi baƙo. Ba a fara da tambayar abin da ya kawo shi. Sai ya sha ruwa, ya ci abinci, ya huta, sannan a ji labarinsa. Wannan jeri yana da ma'ana: an ɗauka cewa yunwa da ƙishi ba sa jiran bincike.

A unguwannin malamai na cikin birni, irin su Kona da Juma, zauren ya wuce wurin kwana ɗaya. Zariya ta yi suna wajen karatun nahawu da lugga da fiƙihu, kuma ɗalibin ilimi da ya zo daga nesa yakan zauna shekaru a shagon gidan da ba shi da dangi a cikinsa. Ba ya biyan haya. Da yawa sun riƙe kansu da ɗinkin hula da aikin babbar riga, sana'ar da birnin ya shahara da ita, amma tuwon dare daga cikin gida yake fitowa. Wasunsu an ba su aure a gidan, zuriyarsu ta zama 'yan gari.

Sai randa. A ƙofar gida, ko gindin bishiya, ko bakin masallaci, akan kafa randa a rufe ta da faifai, a ɗora moda a kai, duk mai wucewa ya sha ba tare da neman izini ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, ruwan randa mai sanyi ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan dako ko mai tallan itace. Aikin cika ta na yara ne da mata, kuma galibi sadaka ce da ake nufin ladarta ga iyayen da suka rasu. Abin da ya ƙara wa wannan sadaka nauyi a Zariya shi ne garin ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwan famfo, gidaje da yawa saye suke yi a hannun 'yan garuwa. Wanda ya zuba ruwan da ya saya a randar waje, daga aljihunsa ya cire. A yau ɗabi'ar ta sake kama: mai halin da ya haƙa rijiyar burtsatse yakan fito da kan famfo ɗaya ko biyu ta bayan katanga, ya saki ruwa safe da yamma, kuma ba ya tambayar masu layi daga wace unguwa suke.

Abinci

Mai cin abinci a bainar jama'a ba ya kai loma baki sai ya ce wa na kusa da shi "Bisimilla", ko da a benci ɗaya suka haɗu a tasha. Yawanci akan amsa da "Alhamdu lillahi, na gode", amma tayin na gaske ne, wanda ya sa hannu bai yi abin kunya ba.

Babban nauyin ciyar da baƙi yana kan matan gida. Mace takan auna tsaba da ɗan ƙari saboda wanda ba a sa rai da shi ba, kuma kwanon almajiri yana cikin lissafin rabon tuwo a gidaje da dama. Daga nan ne dangantakar almajiri da uwar ɗakinsa take tasowa: yaro ya fara zuwa bara, a saba da shi, ya riƙa yin aike da ɗiban ruwa, ita kuma ta riƙa ajiye masa abinci, ta ba shi sabulu, ta ɗinka masa kayan salla, ta lura idan zazzaɓi ya kama shi. Akwai magidanta a yau da ke kai ziyara gidan da suka yi wannan zama suna yara, suna kiran tsohuwar Inna ko Mama. Sai dai gaskiya ita ce wannan tausayi, duk kyansa, bai isa ya riƙe yawan yaran da ke yawo yanzu ba. Ɗumamen safe ba ya maye gurbin uba da ya san inda ɗansa ya kwana, kuma akwai gidajen da aikin da suke ɗora wa yaron ya fi abincin da suke ba shi.

Da azumi abin yakan fito fili. Gab da magariba ana fitar da kunu da ƙosai da dabino zuwa masallatai, matasa kuma su tsaya bakin titi suna miƙa wa direbobi da fasinjoji ruwan leda. Ba a tambayar wanda ya miƙo hannu ko yana azumi. Naman layya ma ana kai wa maƙwabta Kirista, su kuma su aiko da abinci ranar Kirsimeti, musamman a unguwannin da ake cakuɗe kamar Sabon Gari, Samaru da Wusasa.

A kan hanya

"Matambayi ba ya ɓata," in ji masu magana, kuma a lungunan cikin birni kwatance da baki ba ya wadatarwa, don haka sau da yawa akan haɗa baƙo da yaro ya kai shi har ƙofar gidan da yake nema. A motar haya tsakanin Samaru da Sabon Gari ko Ƙofar Doka, ba abin mamaki ba ne kwandasta ya ce wa tsohuwa "An biya miki, Baba", wanda ya biya kuma ya riga ya sauka. Mai mota yakan rage wa ɗalibai hanya, matasa su taru su tura motar da ta mutu, mai shago ya karɓi wayar matafiyi ya sa masa caji. Wanda guzurinsa ya ƙare ko aka yanke masa aljihu yakan tashi bayan salla ya faɗi halin da yake ciki, a haɗa masa abin da ya samu. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, irin wannan rufin asiri ne ya kai mutane da yawa gida.

Yaron da ya ɓata kuwa ana kai shi gidan mai unguwa, a yi cigiya a lasifikar masallaci, matan gidan su yi masa wanka su ba shi abinci har iyayensa su bayyana.

Asibiti da makabarta

Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005, yana karɓar marasa lafiya daga jihohi da yawa na arewa. Masu jinya sukan yi makonni a harabarsa, nesa da gida, kuɗi yana ƙarewa. A nan ake ganin wani irin zumunci tsakanin mutanen da ciwo kaɗai ya haɗa su: wannan ta kula da majinyacin waccan ta je sayen magani, a raba ruwan zafi, a yi wa wanda ba ya jin Turanci tafinta a gaban likita, a yi karo-karo a cika kuɗin gwaji. Ɗalibai da 'yan ƙungiyoyin agaji na masallatai da coci-coci sukan ba da jini ga wanda ba su san sunansa ba.

Idan baƙo Musulmi ya rasu ba a san danginsa ba, wanka da likkafani da salla da binnewa farilla ce a kan jama'ar wurin, wadda idan wasu suka yi ta sauka a kan saura. Shi ya sa mai wucewa yakan ajiye abin da yake yi ya shiga sahun jana'iza, ya sa kafaɗa a makara, bai tambayi ko wane ne ba.

Tushensa a addini

Alƙur'ani ya sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutum takwas da ake ba zakka, a aya ta 60 ta Suratut Tauba, aya ta 36 ta Suratun Nisa'i kuma ta haɗa shi da iyaye da marayu da maƙwabta a cikin waɗanda aka yi umarnin kyautata musu. Hadisi ya ɗaura girmama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira, ya ƙayyade liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. Kawar da abin cutarwa daga hanya da sakin fuska ga ɗan'uwa duk an lissafa su cikin sadaka, abin da Bahaushe ya faɗa da nasa bakin cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kiristocin garin suna da nasu nassin a Ibraniyawa 13:2, wanda ya yi gargaɗi kada a manta da karɓar baƙi. Koyarwar ɓoye sadaka ita ce ta sa mai biyan kuɗin mota yake sauka kafin a gode masa.

Abin da ke rage shi

Tsoro ne ya fi komai cin wannan ɗabi'a. Rikicin addini na 1987 da na bayan zaɓen 2011 sun taɓa Zariya, sun sa mutane da dama sun koma zama inda nasu suka fi yawa. A ranar 7 ga Yuli 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari ya kashe mutane da dama, gwamnatin jiha ta hana bara a tituna bayan haka. Sai kuma satar mutane don kuɗin fansa, wadda ta sa ake zargin baƙuwar fuska da zama ɗan leƙen asirin ɓarayi. Masallatai da yawa yanzu ana kulle su bayan isha'i, kuma mai unguwa yakan so ya san wanda aka sauka kafin a ba shi ɗaki. Ba za a zargi mutane da wannan taka-tsantsan ba, amma wanda abin yake cutarwa shi ne matafiyi na gaskiya da ya rasa mota.

Gini ma ya canza. Sababbin gidaje a bayan ganuwa katanga ce da ƙofar ƙarfe, babu zaure, don haka babu inda baƙo zai zauna ba tare da ya shiga tsakar gida ba. Tsadar abinci da ta ƙaru bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ta rage ƙarin da mace take yi a awo. 'Yan damfara masu ƙaryar ciwo ko yankewar guzuri sun sa ana tantama ga mai gaskiya.

Wuri ɗaya da doka ta shigo shi ne taimakon wanda ya yi haɗari. Mutane sun daɗe suna jin tsoron ɗaukar mai rauni zuwa asibiti don kada a riƙe su a matsayin shaida ko wanda ake tuhuma. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma hana a muzguna wa wanda ya kawo shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana da lambar kira ta kyauta, 122. A kan hanyar Kaduna da ta Kano, duk da haka, waɗanda suka fi riga kowa isa wurin haɗari har yanzu mutanen ƙauyukan bakin titi ne da 'yan acaɓa da direbobin da suka tsaya.