Tsaunukan ƙasan teku: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita min

Wai da gaske akwai tsauni a ƙasan teku?

Akwai. Jerin tsaunuka mafi tsawo a duniya ma can yake, kusan kilomita 65,000, ya ratsa tsakiyar tekuna.

To me ya tayar da su?

Ɓawon ƙasa a tsattsage yake. Inda ɓangarori biyu ke rabuwa, narkakken dutse yakan taso ta tsagar, ruwa ya sanyaya shi, ya daskare. A tsakiyar tekun Atlantika rabuwar santimita 2 zuwa 5 ce kawai a shekara. Ƙasar Aisland kan wannan jeri take zaune.

Ruwa ba ya kashe wutar?

Na sha faɗa, ba wuta ba ce irin ta itace, dutse ne ya narke don zafi. Ta haka ne a 1963 tsibirin Surtsey ya ɓullo daga cikin ruwa a kudancin Aisland, mutane na gani.

Everest ne ya fi kowanne tsawo, ko?

Daga saman ruwa, e, mita 8,849. Amma in daga gindi za a auna, tsaunin Mauna Kea na tsibirin Hawai ya haura mita 10,000, fiye da rabinsa a nutse. Don Allah a bar gardamar nan haka.

Na tsinci dutse mai zanen katantanwa a kan tudu, nesa da teku. Daga teku ya fito?

Madalla, wannan ita ce tambaya. Yana yiwuwa ƙwarai, amma kada ka yi saurin yanke hukunci. Da farko, a jikin tsaunin ka same shi ko a yashe? Na yashe ba shaida ba ne sosai, ambaliya ko mutum na iya kawo shi. Na biyu, katantanwar kogi da ta tafki su ma suna barin zane. Ɗiga masa ruwan tsami: in ya yi ɗan kumfa, da alama dutsen farar ƙasa ne, wanda galibi a ƙasan teku yake taruwa. Galibi na ce, ba kullum ba. In kuwa ka ga baƙaƙen duwatsu a jibge, dunƙule-dunƙule kamar matasan kai, wannan narkakken dutse ne da ya daskare cikin ruwa. A tsaunukan Oman akwai irinsu, inda ƙasan teku sukutum ya hau tudu.

Kuma kada ka ce dole ruwa ne ya hau har can, sau da yawa ƙasar ce aka ɗaga. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce Indiya ta yi karo da Asiya, tekun Tethys da ke tsakaninsu ya rufe, abin da ya kwanta a ƙasansa ya naɗe ya yi sama. Shi ya sa a ƙolin Everest akwai burbushin halittun teku. Ɗauki hoton wurin, ka bar dutsen inda yake, ka nuna wa masanin duwatsu. Farfasa shi ɓarna ce, kuma tana min ciwo.

Tsauni zai iya tasowa dare ɗaya ya tare jirgi?

Kwantar da hankalinka, babban tsauni dubban shekaru yake ɗauka. Waɗanda ba a gama sa su a taswira ba su ne abin damuwa. A 2005 jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin ruwa, USS San Francisco, ya daki ɗaya a kudu da tsibirin Guam na tekun Pasifik, mutum ɗaya ya rasu.