Ƙafar abokinka ba bakin buhun gawayi ba ce

Tun saukar ruwan farko nake karɓar waɗanda igiyar ƙasa ta taɓa, kuma bana ba manoma kaɗai ake kawowa ba. Akwai samarin da suka tsiri fita motsa jiki ran Asabar da Lahadi, biyu-biyu, su miƙe tsohon layin dogo suna hira, wasu su zarce Wusasa su hau Dutsen Kufena ɗaukar hoto. Madalla. Ni da kaina tafiyar ƙafa nake ce wa masu hawan jini da ciwon suga su riƙa yi, kuma wanda ya taɓa tsayawa saman Kufena da hantsi ya hango Zariya a shimfiɗe ya san guminsa bai tafi a banza ba. Ni da abokin tafiyar nake.

Kusan kowa da ɗauri yake iso mana. Robar tayar babur, igiyar takalmi, wayar caja, har tazugen wando na gani. An tamke ƙafar mutum tamau. Wa ya koya muku wannan ne, don Allah?

Akwai wani ɗalibi da ba na mantawa. Bayan La'asar suna bin layi shi da amininsa, ya ratse gefen kwalbati zai kama ruwa, silifas ne a ƙafarsa. Abu ya sare shi a idon sawu. Aminin ya ɗaure ƙasan gwiwa, ya ƙara wani ɗaurin a cinya, ya samo reza ya tsattsaga, sannan suka nufi wurin mai magani aka manna baƙin dutse. Sai bayan Asuba suka zo mana, ƙafa ta yi baƙi ta yi sanyi, zane ya jiƙe da jini. Aminin nan yana kuka yana cewa, "Sista, wallahi taimakonsa na yi, don kada dafin ya hau zuciya." Na ce, "Na sani, ƙanena." Na sani ɗin kuwa. Ran ya tsira, amma yatsu ba su tsira ba, kuma ba macijin ne ya ci su ba, robar ce.

Ɗauri ba ya tsare dafi. Jini yake tsarewa, naman da jini bai kai masa ba kuwa mutuwa yake yi. Iyakar bayanin ke nan.

Tsagar kuma ta fi muni, saboda wadda ta fi yi mana ɓarna a ƙasar nan kububuwa ce. 'Yar ƙarama ce, launinta sak ƙasa da tsakuwa, in ta fusata sai ta riƙa goga jikinta tana wani sauti kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, har dasashi ya riƙa zubar jini, a gan shi a fitsari. To ka ɗauki reza ka buɗe wa irin wannan jini ƙofa, wa zai rufe? Tun shekarun 1970 likitoci suka yi nazarin dafin nan a garin nan namu, ba sabon ilimi ba ne. Mu a asibiti jini muke ɗiba mu zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, mu jira minti 20. In bai daskare ba, allurar kashe dafi ce magani, ba dutse ba, ba tofi a kan tsaga ba. Addu'a kam a yi ta, a kan hanyar asibiti.

Layin dogon kuma ku san inda kuke takawa. Zariya mahaɗar jirgi ce tun da can. Daga nan ƙaramin jirgin kuza ya riƙa tashi zuwa Jos daga 1914 har aka rufe layin a 1957, daga nan kuma layin Gusau da Ƙaura Namoda ya ɓalle. Duk inda jirgi ya yi ƙaura, ciyawa da ɓeraye ke gadon wurin, maciji kuma ya biyo abincinsa. Tarin tsakuwa, ƙarƙashin kwalbati, kogon dutse mai inuwa inda kuke son zama ku huta, shi ma nan yake hutawa.

In abin ya faru, Allah Ya kiyaye:

- Ku matsa daga wurin. Kada ku tsaya farautar macijin.
- Cire zobe, agogo, takalmi, kafin kumburi.
- Ya zauna, kada ya taka. A tallafe ƙafar da sanda kamar ta mai karaya, sako-sako.
- A goya shi zuwa titi, a hau babur ko Keke, sai babban asibiti.
- Farasitamol kawai. Ban da asfirin, ban da ibuprofen da diclofenac, suna ƙara zubar jini.
- A riƙe lokacin da abin ya faru.

Ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. Na sake faɗa: ba ɗauri!

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Ni so nake ya guji tsumman tun a ranar, in ya hango shi a hannun abokinsa.

In kuwa wani mai azarɓaɓi ya riga ya tamke kafin ka iso, kada ka ɓata lokaci wurin faɗa da shi, kada kuma ka ɓoye mana don kunya. Ku garzayo, ku gaya mana ƙarfe nawa aka ɗaure, mu kwance da hannunmu. Kuma silifas ɗin nan a bar shi a bakin masallaci. Takalmi rufaffe, dogon wando, tocila a aljihu, a sauko daga dutse kafin Magariba.