Zubar jini ta dubura ga mai juna biyu: sababban da ba a saba gani ba

Yawancin jinin da mai juna biyu ke gani wajen bahaya basir ne ke kawo shi, ko tsagewar bakin dubura saboda taurin bayan gida; jini ne jawur mai ɗiga bayan an gama. Yawan faruwar hakan shi ke sa a yi saurin cewa basir ne, alhali wani lokaci wata cuta ce daban a cikin hanji.

Likita kan fara da tabbatar da inda jinin ke fitowa, domin jinin gaba, wanda yake iya zama na mahaifa, lamari ne na gaggawa. Daga nan sai a tambayi kamanninsa. Jinin da ya cakuɗe da bayan gida ko majina, gudawar da ke tashin mace cikin dare, zazzaɓi, rama, ko ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, duk suna nuna cewa cutar ta wuce bakin dubura.

A Sudan, musamman ga Hausawan da ke noma a Jazira da ƙauyukan bakin kogi irin su Mai Wurno, tsargiyar hanji ce abin zargi na farko, tunda mata na wanki da ɗiban ruwa a magudanan ban ruwa inda dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar yake rayuwa. Ana gano ta ne ta duba bayan gida da madubin likita, a ga ƙwai mai ƙaya a gefe. Gwajin kan kuma nuna ƙwayar amiba mai kawo atuni, idan akwai ta. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ciki praziquantel, maganin tsargiya.

Sauran sababban sun haɗa da gyambon babban hanji mai daɗewa, da cutar Crohn (wani kumburin hanji mai daɗewa), da sankarar hanji, wadda aka kiyasta tana faruwa a ciki ɗaya cikin kimanin 13,000, kuma sau da yawa ba a farga da ita sai ta yi nisa, domin kasala da kumburin ciki ana ɗora su kan laulayi.

Idan zargi ya yi ƙarfi, ciki ba ya hana leƙa ƙarshen hanji da siririn bututu mai kyamara. An fi son yin hakan tsakanin wata na huɗu da na shida, mace tana kwance ta gefen hagu don kada mahaifa ta danne manyan jijiyoyin jini. Wajen hoto kuwa ana fifita sikanin da MRI (hoton da ake ɗauka da maganaɗisu) ba tare da allurar gadolinium mai ƙara fito da hoto ba, ana kuma kauce wa hoton CT saboda hasken X-ray ɗinsa da ke isa ga ɗan tayi.